Gurbin Kusurwa

Radiyya ta shekara tara tana buga takardu a wani ɗan shago a Isa, kuma a faɗarta, duk garin babu kwamfuta mai taurin kai irin tata.

Babanta, Malam Yari, shi ke koyar da lissafi a sakandare. Duk ƙarshen zango yakan kawo mata tambayoyin jarrabawa da rubutun hannunsa. Akwai wasu lambobi a ciki da ba a rubuta su kai tsaye: sai an sa tsawo, a sa alamar kusurwa, sannan digiri. Alamar 'yar mitsitsiya ce, kamar bakin ɗan tsako a buɗe.

"Wagga na'ura taku har yau ba ta san kusurwa ba?" haka yake tambaya kullum.

"Ba ta sani ba, Baba. Na bar maka gurbi."

Sai ya zauna a benci da biro, yana mita, yana zana alamar a takarda ɗari da ashirin, ɗaya bayan ɗaya, don ta ce masa injin kwafi ba ya ɗaukar biro. Asabar guda ke tafiya a haka.

Ƙarya take yi. Tun shekarar farko ta gano inda alamar take. Amma duk Asabar ɗin da ya yi a kan bencin nan, bai hau babur zuwa gonarsa ta Tozai ba, hanyar da 'yan bindiga ke tarewa. Asabar uku a shekara, iyakar abin da ta iya ƙwatowa ke nan.

Bana gero ya nuna da wuri. Ya ajiye mata tambayoyin ranar Juma'a, ta buga ta bar gurabu, ya ce, "Gobe za ni gona in dawo. Ki aje min gurbina."

'Yan bindiga suka harbe shi a hanyar Tozai. Kafin la'asar ɗin Asabar an rufe shi. Radiyya ba ta yi kuka ba. Ba ta ji komai ba, kwanonin masu gaisuwa kawai ta yi ta wankewa.

Bayan sadakar bakwai shugaban makarantar ya zo da kansa, yana sunkuyar da kai: jarrabawa jibi ce, ga takarda duk gurabu. Ta buɗe shagon, ta kunna kwamfutar. Gurbi goma sha huɗu ne. Ko minti biyar ba ta yi ba ta cike su. Alamomin suka fito tsaf, duk iri ɗaya.

Shugaban ya duba takardar. "Ashe na'urar ta iya."

"Ta iya," in ji Radiyya. "Ta daɗe da iyawa."