Ranar da Kalolaine Ta Zare Wayar Lasifika

Duk ƙauyensu an san Kalolaine ba ta da hannu. Tun tana yarinya, in ta zauna bugun ɓawon itacen da mata ke yin ngatu da shi, mayafin nan na aure da jana'iza, sai ta huda shi. Gwaggonta Siutiti, yayar ubanta, wadda daga ta yi magana a dangi an gama, takan ce, "Tashi, 'yar nan, kafin ki mayar mana da shi rariya."

Ta tashi ɗin kuwa. Shekara ashirin ta yi a wani shagon buga riguna a Nuku'alofa, babban birnin ƙasarsu, amma abin bai bar ranta ba. Da lallashi ta samu aron guda cikin allunan da gwaggo ke fitar da zanen tsuntsaye a kan ngatu da su, ta ɗauki hotonsa ta zuba a kwamfuta. Naci kam, Allah ya ba ta. Shekara uku tana fama, har tsuntsayen zanen suka buɗe fiffike, suna tashi daidai da ƙarar bugun matan ƙauye da ta naɗa. Burinta ɗaya ne: gwaggo ta gani, ta yarda wannan ma aiki ne.

Saura kwana biyu a haska majigin a zauren coci, wata tsohuwa cikin masu bugun ta rasu. In ana makoki ba a bugun ɓawo, ƙauye yakan yi tsit. Dangin mamaciyar suka ce a haska, ai ita ma ta ƙosa ta gani. Wasu suka ce na'ura ba sandar bugu ba ce, dokar ba ta hau kanta ba. Kalolaine ta san rabin kyan aikin a sautin yake, ranta kuma ya sosu ƙwarai. Duk da haka, da ranar ta zo, ta sunkuya ta zare wayar lasifika.

Tsuntsaye suka yi ta tashi a bango shiru. Can sai ga hannayen tsofaffin mata suna sama da ƙasa a iska, kowace tana bin bugun da ta haddace. Har da na gwaggo.

Da aka watse gwaggo ta kira ta.

"Wa ya ce ki kashe sautin?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"Wutsiyar tsuntsun can ta cika tsawo."

"Zan gyara."

"Ki gyara. Sauran allunan suna ƙarƙashin gadona. In an gama makoki ki zo da mota."