Hannun Iya Ƙanƙara

Da wankin kwalabe ta fara a ɗakin gwaje-gwajen, shekara ashirin da shida da suka wuce. Ba ta da digiri, amma har shugaban sashen Iya Ƙanƙara yake kiranta, don ita ce mai daskarar da ƙwayoyin halitta.

Cikin kowace ƙwaya akwai 'yan masaƙu da ke karanta saƙon gado suna saƙa furotin. Masu binciken so suke su ƙirga masaƙu nawa ne ke kan kowane saƙo, dukansu, a lokaci guda. Sai an daskarar da ƙwayoyin suna tsakiyar aiki. In suka ji sanyi kafin nan, sai su watsar da abin da suke yi su koma kare kansu.

Mijinta, tela ne, yakan ce, "Ke dai kin ji daɗi. Tsayar da masu aiki ne aikinki, kuma ana biyanki."

Saura mako uku ta yi ritaya, abu ɗaya ke cin ranta: ba wanda ya gaji hannunta. Dakta, matar da za ta karɓi aikin, ta gwada sau huɗu, sau huɗu sakamakon ya nuna ƙwayoyi a firgice.

"Iya, komai na bi, layi-layi," in ji Dakta, tana kaɗa takardar ƙa'ida.

"Yi in gani, 'yar nan."

Dakta ta buɗe akwatin ɗumi, ta ɗauko farantin ƙwayoyin, ta taka zuwa teburin ƙarfe ta ajiye, ta juya neman bokitin ruwan naitirojin, mai daskarar da abu nan take.

"Taku goma sha ɗaya," in ji Iya. "Sannan kika kwantar da su a kan ƙarfe. Ko ke aka ɗauko daga bargo aka yi wa haka, da me za ki fara?"

"Da zagi."

"To zaginsu kike aunawa."

Iya ta jawo bokitin har bakin akwatin. Ta cika wata tsohuwar kwalba da ruwan ɗumi, ta sa Dakta ta riƙe da safar hannunta sai da tafinta ya ɗauki zafi.

"Wannan ai ba ya cikin takarda."

"Wa ya tambaye ni lokacin da ake rubuta ta?"

Dakta ta buɗe akwatin, ta ɗauki wani farantin, ta tsiyaye ruwan da ke cikinsa, ta tsoma shi a bokitin. Farin hayaƙi ya rufe musu ƙafa.

Ranar Larabar ƙarshe sakamakon ya fito. Iya ba ta iya karanta layukan kwamfutar ba, fuskar Dakta ta karanta.

"Ba su ma san mun zo ba, Iya."

Iya ta wanke kwalbar, ta kife ta a kan akwatin ɗumi inda hannu zai kai, ta ɗauki jakarta.