Ruwan Otal Ɗin Bakin Tafki

Duk sa'ad da na wuce gidan da ake ba shuke-shuke ruwa da rani, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan yakan mai da ni unguwarmu ta bakin tafki, can tsakanin Isa da Sabon Birni, a shekarun da ruwan sama ya ɗauke mana.

Kafin a haife ni wurin mashayar shanu ce. Sai wani attajiri, baƙo da ba wanda ya san asalinsa, ya tada otal mai bene, fari tas, tagoginsa na kallon ruwa. Fatake masu zuwa Nijar nan suke sauka, da manyan ma'aikata da motocinsu. A bayan katangarsa unguwarmu ta tsiro: masu tuyar kifi, mahauta, masu wanki da guga. A jikinsa muke ci, amma ba mu taɓa yarda da shi ba.

Damina biyu a jere gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Tafki ya riƙa ja da baya, yana barin laka mai tsattsagewa, shanu na kafewa a ciki. Amma in ka leƙa ƙofar otal, mangwaro da lemo kore shar. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ke ba su ruwa, aikinsa ke nan.

A wajen daka maganar ta fara. Aka ce an binne bututu daga otal zuwa tsakiyar tafki, kuma baffana ya san inda yake. Maƙwabciyarmu ta daina aiko ɗiyarta ɗibar wuta gidanmu. In baffa ya zo majalisa, sai hira ta mutu.

Wata rana ya shigo da jarka cike da ruwa garai-garai, ya aje gaban kakata, mahaifiyarsa.

"Inna, ga ruwa. Na rijiyar otal ne."

Ta daɗe tana duban jarkar. "Ita rijiyar, ina ta samo shi?"

Ta tura jarkar gabansa.

"Mai da musu abinsu. Ruwan shanun mutane ne, ba ni sha nai."

Da abin ya yi yawa, mai unguwa ya tara magidanta da fatanya da shebur. Tun hantsi suke tonon gefen katanga har la'asar, ba su samu komi ba sai saiwoyi da fasassun tukwane. Manajan otal ya fito da kansa, ya shigar da su ya nuna musu rijiya mai zurfi da injinta, ya ce daga gobe za a riƙa buɗe ƙofar baya kowa ya ɗiba. Gari na wayewa mata suka yi layi, har da maƙwabciyar tamu, a sahun gaba.

Kakata ita kaɗai ta ƙi. Kullum da sassafe takan ɗauki tulu ta ce, "Za ni gulbi," ni ina biye da 'yar ƙwarya. Mu tona rairayi har gwiwar hannu, mu zauna muna jiran ruwa ya tsatso, ja kamar kunun kanwa.

Na ce, "Kaka, ai ba a ga bututun ba."

Ta ce, "Wanda ya gina rami ya hi na tabki zurhi, mi zai yi da bututu, ɗiyata?"

Ni dai ina shan na otal a ɓoye, a randar mahaifiyata. Ina jin ta sani, don takan dubi bakina ta kau da kai. Ta rasu shekarar da ruwa ya dawo, ba ta taɓa ɗanɗana shi ba, kuma baffana bai sake kawo mata zancen ba.

Daga baya baƙi suka ragu, attajirin ya ɓace yadda ya zo. Yau rufin otal ya faɗa, albasa ake shanyawa a falonsa. Masu hali kowa ya gina tasa rijiyar mai inji, tafkin kuwa ko a shekarar ruwa bai kai tsakiyar rani. Har yanzu ban san ko kakata ta yi gaskiya ba. Amma in jikokina suka bar famfo na zuba, nakan yi musu faɗan da ya fi ƙarfin laifinsu, su tsaya suna kallona.