Shekarar da Muka Ƙi Gyara wa Baƙo Hanya

Mu mutanen tsibiri ne tun asali. Da aka datse ruwa a Kainji, tafki ya haɗiye garinmu, gwamnati ta kwaso mu ta zube a gaɓa cikin ƙasar Ngaski, ta gina mana ɗakuna a jere. Ina ƙarami aka yi wannan ƙaura. Babana bai taɓa sanin wata hanya ba sai ta kwale-kwale, har ya tsufa yana yi wa tudu kallon wurin da aka zo kwana biyu. Ni kuwa a tudun na girma, na zama ɗan keke.

Sana'ata ke nan a shekarun da muke cikin Jihar Sakkwato. Maza su kamo kifi, Inna da sauran matan gari su yi banda, ni da abokaina mu ɗaure kwanduna a bayan keke mu kai kasuwar Wara, inda motocin fatake ke jira. Wanda bai san tafkin nan ba zai ce me ya hana mu bi ta ruwa. To tafkinmu bauɗaɗɗe ne. Lokacin da damina ta kankama, shi lokacin yake janyewa can nesa, ya bar mana taɓo mai cin ƙafa har cinya, jirgi ba ya iya matsowa kusa da gari. A waɗannan watanni keke ne kaɗai ƙafarmu.

Tsakaninmu da babbar hanya kuma akwai wani kwari. Da rani yashi ne, ka tura keke ka wuce kana tsaki. Da damina sai ya zama rafi mai gaɓa biyu masu santsi. A nan nake kwance kaya, in ɗauki kwando ɗaya a ka in ƙetare, in dawo in ɗauki ɗaya, sannan in saɓa keken a kafaɗa. Kifin banda ba ya shiri da ruwa. In ya jiƙe ya yi fumfuna, in ya faɗi ya farfashe, in kuwa na makara na tarar motoci sun tashi. Na sha dawowa da kwanduna cike, ina jin kunyar haɗa ido da matan da suka kwana cikin hayaƙi.

Abokaina suka fara tarewa a Wara ɗaya bayan ɗaya. Surukina, wanda ke da gida a can, ya ce ga ɗaki ya ware mana, kuma maiɗakina ba ta ɓoye mini cewa tana son mu tafi ba. Ban ga laifinta ba. Amma ni kaɗai ne namijin da ya rage wa iyayena, ni ke noma musu, ni ke kai kifin Inna kasuwa. Na taɓa gwada yi wa Baba maganar mu tafi gaba ɗaya. Ko ɗago kai daga komar da yake ɗinki bai yi ba.

"Ruwa ya tashe ni sau guda," ya ce. "Laka ba ta tashe ni na biyu. In za ka tahi, ka tahi."

Don haka maganar ta tsaya a wuri ɗaya. Ko a yi kwalbati a kwarin nan in zauna, ko in kwashe iyalina in bar tsofaffi biyu su kaɗai.

Ba mu daina jin labarin kuɗin hanyoyin karkara a rediyo ba. Kowace shekara kuma sai an tsare mu an karɓi kuɗin lambar keke, an ba mu ɗan ƙarfe mu maƙala a jiki, alhali hanyar da keken zai bi babu ita. Muka saba cewa Sakkwato nesa ce, kafin kuɗi su iso ƙasar Yawuri sun gaji, sai su kwanta a hanya. Kwatsam wata damina sai ga saƙo daga ƙaramar hukuma, wai injiniya zai zo daga Sakkwato ya duba hanyoyin yankinmu, kuma kuɗin da aka ware wuri ɗaya kawai za su iya gyarawa.

Yanzu ga inda muka yi abin da har gobe in na tuna nake dariya, raina kuma yana ɓaci. A al'adarmu, in babban baƙo zai shigo gari, ana yi masa gayyar hanya. Tun muna tsibiri ake share masa mashaya inda jirginsa zai tsaya, a nan tudu kuma sai a sare ciyawa, a cike ramuka. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da wannan baƙon zai zo gani. Mai gari ya sa aka buga ganga, gari ya fito ƙwai da ƙwarƙwata. Muka jera azarar giginya a kan kwarin, muka shimfiɗa ganye, muka zuba marmara muka daɓe. Yara suka jera duwatsu a gefe aka shafa musu farar ƙasa. Mata suka tuƙa tuwon gayya. Wallahi tunda aka kafa garin hanyar ba ta taɓa yin kyan da ta yi a ranar ba.

Motar injiniya ta bi ta kai sumul, ko girgiza ba ta yi ba. Ya sauko da takalmansa suna ƙyalli, ya dube mu cike da jin daɗi.

"Ku kam kun taimaki kanku," ya ce. "Da kowane gari awa naku yake, da gwamnati ta huta."

Muka tafa, mata suka rangaɗa guɗa. Muka cika masa bayan mota da kifi, giwan ruwa da karfasa, muka raka shi har bakin gari. Ruwan farko da ya sauko bayan tafiyarsa ya kwashe azarar ya kai wa tafki.

Kuɗin suka tafi wani ƙauye na gabas da mu. Su ba wayo suka fi mu ba. Mai garinsu ne ya rasu a makon, suna zaman makoki, ba wanda ya taɓa hanya, motar injiniya ta kafe musu a laka har la'asar. Abokan wasanmu ne, saboda haka ba su raga mana ba. Duk ranar kasuwa in na shigo jiƙe sharkaf, sai in ji daga rumfarsu, "Sannu da zuwa, masu gyaran hanya! Gwamnati na gaisuwa."

Na roƙi maiɗakina ta ba ni damina ɗaya. Ta ce ta ba ni, amma kayanta na ɗaure, ba za ta kwance ba.

Shekara ta zagayo, saƙo ya sake zuwa, injiniya zai dawo. Aka taru a ƙofar mai gari don a sa ranar gayya. Ban saba magana gaban manya ba, amma ranar na miƙe.

"Ranka shi daɗe, a bar hanyag ga yadda take. Mutumen nan ciwo za ya zo dubawa. Bara mun rufe ciwon da riga mai kyau, ya ba wani maganin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Wanda ya amsa mini ba kowa ba ne sai Babana.

"Kai, zamna. Baƙonka Annabinka. Mu bar baƙo shi kahe cikin laka ƙofar garinmu, muna kallo? Ko ruwan da ya ci garinmu bai ci kunyarmu ba. Mi za a ce da mu?"

"Baba, an riga an ce. Masu gyaran hanya aka ce muna."

Wasu suka yi dariya, kuma dariyar nan ta yi masa ciwo fiye da maganata. Na gani a fuskarsa, na ji ba daɗi, amma ban janye ba. Mai gari mutum ne mai gudun rigima. Ya ce za a buga ganga kamar yadda aka gada, wanda ya fito ya fito.

Na bi 'yan keke gida gida, na samu mafi yawansu. Sai dai na san in ganga ta tashi ƙafafunsu za su kai su ko ba su so, domin a haka aka rene mu. Wadda ta warware mini matsalar Inna ce. Na same ta a bakin banda tana juya tarwaɗa, ban ma gama bayani ba ta katse ni.

"Kifin wa ka ruɓewa cikin kwarin nan, in ba namu ba? Tahi abinka. In ba a tuƙa tuwon gayya ba, in ga mai ɗaukar galma."

Ranar gayya aka buga ganga har makaɗin ya gaji. Ba hayaƙi a ko wane gida sai na banda. Tsofaffi ne kaɗai suka fito, Babana a gaba, da fartanyarsa a kafaɗa. Daga gonata ina hangen su suna kwasar ƙasa da hannu suna zubawa a ramuka, su huta, su sake. Ban taɓa yin yini mai nauyin wannan ba. Sau da yawa na ajiye fartanyata zan nufe su, sai in tuna kayan maiɗakina da ke ɗaure, in koma kan kunyar da nake noma. Ɗan abin da suka yi ruwan washegari ya wanke shi. Daga ranar Baba ya daina cin tuwo a akushi ɗaya da ni, in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri.

Zuwan injiniya ya faɗo ranar kasuwa, kuma da safen an tafka ruwa. Ina bakin kwarin da kwandunana sai ga motar a ɗaya gaɓar. Direba ya duba, ya ja baya, ya taho da ƙarfi. Ta shiga, ta yi kuka, ta zauna har ciki. Injiniya ya buɗe ƙofa ya sauko, laka ta haɗiye takalminsa. Mutumin bara ne, ya kuma gane ni.

"Ba nan ne na wuce bara ba? Mi ya samu hanyar?"

"Nan ne, ranka shi daɗe. Ba abin da ya same ta, haka take. Bara kwalliya munka yi maka."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai na ɗora kwando a ka na shiga ruwan, ya zo mini ƙugu. Na ƙetare ta gabansa na ajiye, na koma na ɗauko na biyu, na koma na saɓo keken. Sauran 'yan keke suka biyo ni, kowa da nasa. Ba mu shirya masa wasa ba, abin da muke yi ke nan kowace ranar kasuwa. Ya tsaya yana kallo, faɗan ya maƙale.

Ana haka sai ga Baba ya ratso mutane. Ya gangara cikin ruwan da rigarsa ta zuwa Juma'a, ya isa gaban injiniya ya durƙusa a laka.

"Ka gafarce mu, baƙo. Ba haka munka gada ba. Hau bayana in ƙetare da kai."

Injiniyan nan bai wuce ɗan cikinsa ba. Ya ruɗe, ya kama hannuwan Baba yana cewa, "Subhanallahi, tashi Baba, tashi." Ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya shiga ruwan da ƙafarsa. Baba ya karɓe takalman ya ɗaga su sama, ya biyo shi a baya har gaɓa. Mu kuma muka taru muka ciccibo motar. A wannan zuwan ba yabo, ba guɗa. Injiniya ya sa aka ɗauko igiyar awo, ya auna kwarin tsawo da faɗi, ya tambayi inda ruwa ke kaiwa in ya cika. Ya tafi bai yi mana alkawarin komai ba.

Ban zauna jiran sa'a ba. Duk ranar da na kai kifi sai na biya ofishin ƙaramar hukuma a Wara na tambaya, har masinja ya gane ƙarar ƙararrawar kekena, tun ban shigo ba yake cewa ba labari. Da na ji maganar tana Yelwan Yawuri, can ma na taka keke na je. Aka ce mini mai naci, aka ce mini mai baƙin jini da ya kunyata garinsu. Na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na amsa.

Da rani ya tsaya sai ga tifa da siminti da manyan bututu. Kwalbati kaɗai aka yi, da marmara a gaɓa biyu, sauran hanyar aka bar mana ita da ramukanta. Ya ishe ni. Daminar da ta biyo na ƙetare kwarin ban sauka daga keke ba, na tarar da motocin fatake ko lodi ba su fara ba. Maiɗakina ta kwance kayanta.

Baba kuwa ya ƙi taka kwalbatin. In zai wuce sai ya gangara ta gefe, ya tattare riga, ya ratsa ruwa, ya hau ɗaya gaɓar yana haki. Ya ce shi ba ya bin gadar da aka samu da kunyata baƙo. Mutane suna dariya, ni ba na yi. Ya koma cin tuwo da ni, muna hira, amma a kan wannan magana bai sassauta ba ko kaɗan, haka muka yi shekaru.

Wata damina ciwon ƙirji ya kama shi, numfashi yana yi masa wuya. Tafki ya janye, ba jirgi, ba mota a gari. Na ɗora shi a bayan keke, Inna ta ɗaure shi a jikina da zanenta, muka nufi asibitin Wara. Da muka iso kwarin, ruwa na ta ruri a ƙarƙashin kwalbatin, ja wur, ko saurayi ba zai shige shi ba. Na ja birki, na sa ƙafa a ƙasa.

"Baba, mun iso kwari."

Ina jin numfashinsa a bayana, ina jin zafin jikinsa ta cikin rigata. Can ya ɗora goshinsa a tsakiyar bayana, ya ƙara riƙe ni.

"To mi kake jira?" ya ce. "Taka."

Na taka.