Attahiru Baduku da Maratayin Bindigar Rissa

Duk wanda ya saba ratsa layin dukawa a kasuwar Tawa da hantsi ya san rumfar da ke kusa da rijiya. A nan Attahiru Baduku ya yi shekara ashirin da ɗaya yana shimfiɗa buzunsa, tun dawowarsa daga yaƙin Turawa. Ba ya taɓa aiki sai ya jera kayansa, wuƙa a dama, basilla a hagu, ƙoƙon man shanu a tsakiya. Daga nan sai ya jawo kirgi, wato jemammiyar fatar shanu, ya shinshina, ya lanƙwasa, ya ɗaga ta ga rana yana neman inda ƙaya ta taɓa ci ko wuƙar mahauci ta zame. Sai ya gamsu da fatar sannan ya sha furar da matarsa Zalika ta damo masa, wani lokacin har ta tsinke.

Yana ɗinka takalma, yana yin kube da gafaka kamar kowane baduku. Amma abin da ya kai sunansa Barmu da Takanamat shi ne maratayin bindiga, ɗan maɗaurin fatar nan da mutum ke rataya bindigarsa da shi a kafaɗa. Abu ne da ba wanda ke kallo. Ana yaba bindiga, ana yaba maharbi, ba a taɓa jin an tambayi wanda ya ɗinka abin da ke riƙe da su biyun ba. A wannan watan Attahiru ya ajiye basilla, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu tun yana da rai yana ji.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ta sha jawo masa tsegumi: ba ya sayar da maratayi sai ya ga mutum da bindigarsa tare. Aike ba ya yi masa. In ka zo, sai ya sa ka rataya bindigar da igiya ka je bakin rijiya ka dawo, ka durƙusa, ka tashi, yana kallon yadda take kwanciya a bayanka. Sannan tambayoyi su biyo baya. A ƙasa kake tafiya ko bisa raƙumi? Dajinku na ƙaya ne ko fili? Da wace kafaɗa kake harbi? Maƙwabcinsa Tanko mahauci ya sha cewa ko lokacin da ya je neman aure ba a yi masa tambaya irin wadda Attahiru ke yi wa mai sayen fata kamu huɗu ba. Attahiru kuwa yana da dalilinsa. A can yaƙi ya yi tafiyar watanni da wani siririn maɗauri da ya yanka masa kafaɗa, tabon yana nan har yau, kuma abin da ya riƙe tun daga lokacin shi ne wanda ya ɗinka maɗaurin bai taɓa ganin kafaɗarsa ba.

Mutanen Barmu sun fi kowa ba da labarin Sabo maharbi. Sabo ya zo yana son maratayi na jar fatar akuya, mai ado da kore da tuntaye, kuma a ɗaure masa shi can a bakin ƙarfen bindigarsa ƴar toka, don ta tsaya ƙyam a saman kansa mutane su hango. Attahiru ya ce fatar akuya miƙewa take in ta sha gumi, kuma bindigar da ta wuce kan mai ita a dajin ƙaya reshe take nema. Sabo ya yi fushi, ya tafi gaba aka yi masa yadda yake so. Ba a yi wata biyu ba reshe ya kama ta yana sunkuye yana bin sawun barewa, ta tashi, ta ɗauke masa hula da gefen kunne. Ya dawo rumfar da kunne a naɗe. Da daɗi a ce Attahiru ya yi masa kara, amma gaskiya sai da ya tuna masa maganarsa sau uku kafin ya yanka masa kirgi mai faɗin yatsa uku, ya ɗaure shi ƙasa-ƙasa a jikin itacen.

Kai ne bahagon da ba a sayen yardarsa, Baba Attahiru. Kai ne ka fi son mutum ya tafi yana zaginka da ya tafi da abin da zai cuce shi.

Aikin da ya zama nasa na ƙarshe kuwa, na Rissa ne. Rissa gumiye ne, cikin masu tsaron daji bisa raƙuma, kuma shekara goma sha uku yana zagaya rijiyoyin arewa da Takanamat, inda makiyaya ke haɗuwa kuma rigima ba ta da wuyar tashi. A damanar bara raƙuminsa ya zame a laka ya danne masa hannun hagu. An yi ɗori, ƙashi ya kama, amma gwiwar hannun ta ƙi miƙewa, yatsun kuma suka daina damƙa. A bana aka kawo musu sabon lajidan, shugaban rukuninsu, ya sanar cewa nan da kwana goma kowa zai yi harbi biyar a gabansa, wanda bai sami allo sau uku ba ya ajiye kaki. Rissa ba shi da garke, ba shi da gona. Mutum takwas ke ci daga wannan kakin.

Ya iso rumfar da hantsi, hannun a ɓoye cikin riga. Bayan gaisuwa ya sassauta murya.

"Baba, so nika ka yi min maratayi mai hwaɗi, wanda za shi ruhe min wanga hannu in na rataya. In lajidan bai gani ba, sauran na bar ma Allah."

Attahiru ya ce ya fito da hannun. Ya daɗe yana shafa shi tun daga kafaɗa har yatsu, yana lanƙwasawa a hankali. Tausayin mutumin ya kama shi ƙwarai, domin ya san abin da ake ji in aka ce wa soja ya tuɓe. Amma ya tuna da matan da ke jan ruwa a rijiyoyin nan, waɗanda suke ganin mai bindiga a kusa su saki jiki.

"Rissa, ba ni ɗinka maka abin ɓoyo," in ji shi. "Ko ka ruɗi lajidan, ran da ɓarayin raƙuma sunka zo ba ka ruɗinsu. Abin da ni iya shi na in gwada in yi maka wanda za ka harbi da shi da gaske. In ya yi, madalla. In bai yi ba, ka tahi da ƙahwarka ka hwaɗa musu hannunka ya mutu. Ka yarda?"

Rissa ya dubi hannunsa. Sannan ya ce ya yarda.

Matsalar a fili take. Gajeriyar bindigar gwamnati tana da zobba biyu na maratayi, ɗaya a gindi, ɗaya can gaba kusa da baki, kuma an yi su ne don mai hannu biyu lafiyayyu. Hannun Rissa ba ya kai wa can, kuma ko ya kai ba zai riƙe ba. Attahiru ya sa shi ya ɗaga bindigar ya nuna iyakar inda tafinsa ke tsayawa ba tare da ciwo ba, ya shata wurin da gawayi, wajen taƙi ɗaya baya da zoben gaba. A nan ya so ya ɗaure, to amma bindigar ba ta Rissa ba ce, huda ta laifi ne. Sai ya jiƙa ɗanyar fatar raƙumi, ya naɗa ta a jikin itacen daidai shatar, ya ɗinke da sabon zobe a ciki, ya ajiye ta a inuwa kwana uku. Da ta bushe ta ƙanƙame itacen yadda ko da ƙarfi ba ta motsi. Daga wannan zoben ya jawo maratayin, ya yi masa wani madauki da ke shiga dantsen hagu. In Rissa ya zura dantsensa ya ɗan buɗa gwiwar hannu, fatar ce ke jan bindigar ta manne a kafaɗarsa, tafin nan da ba ya damƙa sai dai ya tallafe ta daga ƙasa.

Sau uku yana kwance ɗinkin. Na farko ya yi tsawo, na biyu ya matse jijiya har yatsun suka yi sanyi. Na uku ya yi daidai a tsaye, amma da Rissa ya hau raƙumi, dabbar ta miƙe da ƙafafun baya, gindin bindigar ya doki sirdi, sai da aka matsar da ɗaurin baya zuwa gefe don ta kwanta a bayansa. Tanko ya lura a kwanakin nan Attahiru ba ya kallon ɗinkin, da ɗan yatsa yake bin sa, sai ya ɗauka gwaninta ce.

Ranar harbin mutane suka cika filin bayan gari. Attahiru ya sa tsohuwar hularsa ta soja ya tsaya kusa da Tanko. Da aka kira Rissa, lajidan ya ga naɗin fatar, ya ɗaure fuska.

"Wa ya ba ka izinin taɓa bindigar gwamnati?"

Kafin Rissa ya buɗe baki Attahiru ya matso. "Ni na, ranka shi daɗe. Ba a huda ta ba, ba a kankare ta ba. Sa wuƙa ka yanke hwatar, ta koma yadda anka ba shi. Hannunai na hagu ba shi damƙa, ba mu ɓoye maka ba. Bar shi shi harba, in bai samu ba ka sallame shi."

Lajidan ya dubi hannun, ya dubi tsohon, ya ja da baya. Rissa ya zura dantsensa ya durƙusa. Harbi biyar suka tashi ɗaya bayan ɗaya, wanda ke bakin allo ya ɗaga yatsu huɗu sama, fili ya kaure da sowa. Ƴan uwansa gumiye suka rungume shi, shi kuma yana ta waige yana neman tsohon.

Attahiru na tsaye inda yake, fuskarsa na kallon wajen allon. Ya laluba ya kama hannun rigar Tanko.

"Tanko, nawa yas samu?"

"Haba, ga yatsu can an ɗaga, ba ka gani?"

"Ban gani ba. Allon ma ban gane shi ba. Nawa?"

Tanko ya ce huɗu. A nan ne maƙwabcin shekara ashirin ya gane cewa idon Attahiru ya daɗe da tafiya, kuma ko Zalika ba ta san ya kai haka ba.

Washegari da hantsi Attahiru ya zo rumfa kamar kullum, amma bai jera kaya ba. Ya tara dukawan layin ya gaya musu ya bar aiki daga ranar. Suka yi ta roƙonsa, suna cewa wanda ya ɗinka na Rissa da lalube ai hannunsa ya isa. Ya ce ɗinki hannu ke yi, amma aibin fata ido ke gani, kuma ya fi shekara yana ɗaga kirgi ga rana ba ya ganin komai sai haske.

"Na ce ma Rissa in hannunai ya mutu shi tahi shi hwaɗi da bakinai," in ji shi. "Ni kau ina zamne bisa nawa ɓoyon. Kunya ta kama ni. Ba ni ƙara rataya ran mutum bisa hwatad da ban gani ba."

Ya raba wuƙaƙensa da basillarsa ga dukawan, ya naɗe buzunsa ya tafi gida.

Baba Attahiru na Zalika, mun gode. Kai ne ka tsaya wa Rissa ba tare da ka sayar da matan bakin rijiya ba, kuma hukuncin da ka yanka wa wani ka yanka wa kanka ba wanda ya tilasta ka. Abin ya yi mana ciwo, ba za mu ɓoye ba, domin layin dukawa ya yi fili tun da ka tashi. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka haƙurin abin da ya same ka, ya sa hasken da ka rasa a nan ka tarar da shi a gaba.

Mu kuma da muka sami ƙasa a hannunmu daga Turawa shekara shida kacal, masu ɗinki da masu alli da masu zama ofis, ga abin koyi a kusa, ba sai an je nesa ba. A dubi mutum kafin a yanka masa abin da zai ɗauka, kuma ranar da aiki ya fi ƙarfinmu mu faɗa da bakinmu. Rissa yana can arewa da Takanamat bisa raƙuminsa, iyalinsa na ci. Tsohon kuwa yana zaurensa a bayan masallacin unguwa tun daga hantsi har la'asar, kuma yana son baƙi. Ku je ku gaishe shi. In kun isa, ku faɗi sunanku tun daga bakin ƙofa, don kada ya sha wahalar tambaya.