Muryar Yayana a Filin Gaisuwar Sojoji

Shekarun baya, lokacin da yaƙin arewa maso gabas ya yi tsanani har tartsatsinsa yana faɗowa Kano, rediyo ce ke raba mana yini a gidanmu na Rijiyar Lemo. Lokacin ne gari ya cika da shingayen bincike, aka hana acaɓa, mutum ya fita da safe ba shi da tabbacin da ƙafarsa zai dawo. In aka ji ƙara daga wajen Sabon Gari, ko da tayar mota ce ta fashe, sai ka ga 'yan kasuwa suna rige-rigen jan ƙofofin shaguna. Magariba na yi kowa ya shige gida. Babu biki, babu kallon ƙwallo, babu zaman majalisa. Rediyo kaɗai ta rage mana.

Tamu wata ƙarama ce baƙa, eriyarta ta karye an ɗaure da waya, kullum tana kan tagar ɗakin mahaifiyata. Da asuba karatun Alƙur'ani, sai labarai, sai shirin mata inda ake koyar da girkin da ba mu da kayan haɗa shi. Da hantsi 'yan siyasa su zo su yi ta yi wa juna tonon silili. Da azahar akwai wasan kwaikwayo na wani mai gidan haya da ba ya ga maciji da 'yan hayarsa, wanda ko ranar da aka wayi gari da mummunan labari sai an saka shi, kuma sai mun yi dariya, mu gama mu ji kunyar kanmu. Bayan la'asar kuma sai filin gaisuwar sojoji, inda ake sako muryoyin waɗanda ke bakin daga suna gaida iyalansu, kowa ya zaɓi waƙar da za a saka masa.

Ni lokacin na gama makaranta ban samu aiki ba, ina tsare wa kawuna shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa. Sana'ata ta biyu ita ce buga waya gidan rediyo. Duk shirin da aka buɗe layi ina ciki. Ni da ko kaza aka ba ni in yanka sai na nemo maƙwabci, ni ne mai koya wa manyan hafsoshi yadda ake kewaye daji. In na gama surutuna in dawo gida ina hura hanci, in tambaya ko an ji ni.

Yayana soja ne, kuma shi ne ɗan farin mahaifiyata. Bai daɗe da aure ba aka tura su can, sai ya kawo matarsa gidanmu ta zauna. Da farko yana kira jefi-jefi, daga baya aka katse layukan waya a yankin da suke, muka daina jin komai.

Mahaifiyata 'yar gidan malamai ce, irin matan da, masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan." Ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Kuma kiɗa a wurinta shirme ne, da an fara take rage murya. Amma tunda layi ya katse, la'asar na yi za ta fito da tabarma ƙarƙashin taga, ta ɗora farantin shinkafa a cinya, ta ce tsinta take yi. Matar yayana kuma ta zauna daga bakin ƙofar kicin kamar ba ruwanta.

Wata rana na ce, "Inna, yau kuma kiɗa ake ji?"

Ta ce, "Kai dai Auta ba ka da ta ido. Labarai nake jira."

Labarai kuwa sai magariba.

Haka muka yi ta jin 'ya'yan wasu. Wannan ya gaida mahaifinsa a wani ƙauye, wancan ya gaida matarsa da tagwayensa. Duk wanda ya gama sai mahaifiyata ta ce, "Allah ya mayar da kai ga uwarka." Namu dai bai taɓa fitowa ba.

Ana nan, wata ranar Asabar da hantsi wani soja ya yi sallama a ƙofar gida, hannunsa ɗaya a naɗe da bandeji. Ya ce abokin aikin yayana ne, an ba shi hutun jinya. A soro ya gaya mana ni da kawuna. An yi musu kwanton ɓauna a hanya, motar su yayana ce a gaba. Ya ce da idonsa ya ga ya faɗi, amma wuta ta yi yawa, aka janye, ba a samu ɗauko kowa ba. Yana magana yana kallon ƙasa.

Aka yi zaman makoki ba gawa. Liman ya yi masa sallar da ake yi wa wanda ya rasu a nesa. Matarsa ta shiga takaba, a cikin kwanakin ne ma muka san tana da ƙaramin ciki, wanda shi bai sani ba. Mahaifiyata ta karɓi gaisuwa idonta a bushe, duk wanda ya zo sai ta ce, "Wanda ya ba mu ne ya karɓa." Mata suna ta yaba tawakkalinta. Rediyon kuma aka kashe ta, aka rufe da ɗankwali.

Bayan an watse, gidan ya yi shirun da ba ya zaunuwa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bayarabiya da aka haifa a nan Fagge, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, wadda duk unguwa ke kira Iya, ita ta shigo wata la'asar ta yaye ɗankwalin.

Ta ce, "Hajiya, wannan shirun zai kashe ku. Ku bar ta ta yi magana, ko ba ku saurara ba."

Ta murɗa. Aka yi sa'a ko rashin sa'a, filin sojoji ake yi. Na miƙe zan canza tasha, mahaifiyata ta ɗaga mini hannu alamar in bari. Mutum biyu suka wuce. Sai wata murya ta yi gyaran murya, irin gyaran muryar da na sani tun ina yaro, ta yi sallama.

"Ina gaida mahaifiyata Hajiya a Rijiyar Lemo, ƙaramar hukumar Fagge. Inna, muna nan lafiya, kar ki sa damuwa a ranki. Ina gaida amaryata, ta ƙara haƙuri. Ina gaida ƙanina sarkin surutu, a ce masa ya rage kiran gidan rediyo ya nemi aiki. A ci gaba da yi mana addu'a, mun kusa dawowa in Allah ya yarda."

Farantin da ke cinyar mahaifiyata ya kife. Ta miƙe tsaye, ta kama rediyon da hannu biyu, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, har sau biyu, kamar yana bayan katanga. Ranar na fara jin sunan a bakinta.

Aka sako waƙar da ya zaɓa, ta kalangu, irin ta 'yan biki. Iya ta rangaɗa guɗa tana rawa tana kuka. Matar yayana ta fito daga ɗaki ba mayafi, ta durƙushe a tsakar gida. Kafin waƙar ta ƙare gidan ya cika, domin duk layinmu tashar suke ji. Wannan ta ce dama ita jikinta bai ba ta ya mutu ba. Wancan ya ce ai sojan nan ruɗewa ya yi, a cikin hayaƙi wa ke gane wani. Ni ma har da ni, na fi kowa baki. Aka ce gobe da safe a yi waina a raba sadaka, Iya ta ce shinkafar daga wurinta.

Ina da aboki da muka yi sakandare tare, yana aikin haɗa sauti a gidan rediyon. Washegari da sassafe, ana dama ƙullun waina, na tafi wurinsa in ji inda yayana yake da yadda za a aika masa saƙo. Na same shi a wani ɗan ɗaki mai sanyi, gabansa kwamfuta. Ta gilashi ina hango masu wasan kwaikwayon nan suna ɗaukar shiri, mai gidan hayar yana ta zazzare ido, sauran suna riƙe ciki don dariya.

Na ba shi labari ina haki. Ban ga ya yi murna ba. Ya ce in zauna. Ya buɗe wani wuri a kwamfutar, ya yi ta dubawa, ya kunna muryar muka sake ji tare. Sai ya nuna mini ranar da aka ɗauka. Tun kafin azumi ne. Kwanton ɓaunar kuwa bayan ƙaramar salla aka yi.

Na ce, "Ba dai kuskure kwamfutar ta yi ba?"

Ya ce, "Wallahi ina ma a ce kuskure ne. Wakilinmu sau ɗaya yake samun shiga wurinsu a watanni. In ya shiga sai ya ɗauko da yawa, ya ba direba ya kawo, tunda ba layi. Mu kuma muna sakawa kaɗan-kaɗan don kada su ƙare. In sun ƙare mu koma farko."

Na ce, "To ba kwa tambaya ko mutum yana raye?"

Ya ce, "Wa za mu tambaya? Wa zai gaya mana?" Ya cire abin kunnensa ya ajiye. "Ba ku ne na farko da kuka zo ba."

Ya tura mini muryar a wayata. Na fito. Ban hau komai ba, da ƙafa na ratso Sabon Gari, ina bin hanya mafi nisa. Kowane shago da rediyo a kunne, masu gyaran takalmi, masu sayar da kayan mota, duk ana ta jin barkwanci. A wani shinge soja ya tsayar da ni ya ce in ɗaga riga. Yaro ne matashi, bai kai yayana ba. Na tsaya ina kallonsa har ya daka mini tsawa in wuce.

Tun daga bakin layi na jiyo ƙamshin waina. Yara sun yi layi da kwanuka a ƙofar gidanmu. Na tarar da mahaifiyata da kanta a gaban tanda, abin da ta daɗe ba ta yi ba, fuskarta a sake. Tana ganina ta ce, "Auta, yana wane gari?"

Na ce, "Inna, mu shiga ɗaki."

Ba ta tashi ba. Ta dube ni sosai, ta ce, "Faɗa a nan."

Na faɗa. Iya ta ɗora hannu a ka. Matar yayana ta juya ta koma ɗakin takabarta ta rufe ƙofa. Mahaifiyata ta ce, "To." Ta juya wainar da ke kan wuta, ta kwashe, ta ce a ƙarasa raba wa yaran, sadaka ce, ta riga ta fita. Sannan ta shiga ɗaki. A makokin farko ba ta zubar da hawaye ba. A wannan, har soro ake jiyo ta, kuma babu wanda ya zo gaisuwa, domin ba wanda ya san me zai ce.

Da ta ɗan samu kanta na kai mata wayata na ce ga muryar nan, duk lokacin da take so sai in kunna. Ta ture hannuna.

Ta ce, "Wannan ajiyayye ne. A rediyo nake so in ji."

Na ce, "Ai duk ɗaya ne, Inna."

Ta ce, "A wurinka."

Daga nan kullum la'asar tana ƙarƙashin taga, ta daina ma fakewa da shinkafa. Abokina ya yi mana ƙoƙari ya sake sako shi wasu lokuta, kuma duk ranar da ya fito sai ta amsa sallamarsa a hankali. Daga baya masu ɗaukar nauyin shirin suka janye, aka maye gurbinsa da sharhin ƙwallon ƙafa. Ba ta san ko ɗan wasa ɗaya ba, amma ba ta fasa zama ba, ko za su tuna. A haka jikinta ya yi ta raguwa har Allah ya karɓe ta. Gawar yayana ba ta taɓa zuwa ba, kabarinsa ba mu san inda yake ba.

Ban riƙe kowa a zuciya ba. Mutanen gidan rediyon nan so suke su sanyaya wa mutane rai, kuma da abin da ke hannunsu suka yi. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar abokina, cewa ba mu ne na farko ba. Gida nawa aka yi guɗa irin tamu? Mutane suna cewa lokaci yana warkar da komai. Ni dai abin da na gani, lokaci ya koya mana yin shiru ne kawai.

Matar yayana ta haifi mace, daga baya ta yi wani auren, yarinyar tana hannuna. Yanzu ta shiga sakandare. Kwanakin baya ta matsa mini sai ta ji muryar babanta, na ga ta isa, na kunna mata. Ta kara wayar a kunne ta saurara har ƙarshe, ta sake maimaitawa. Sannan ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Baffa, ya gaida kowa. Ni me ya sa bai gaishe ni ba?"