Azumin da Ɗan Ƙanwata Ya Tsare Mana Sufra

Saura kwana goma a kama azumi ƙanwata ta kira ni daga Jamus, ina shagona a Aziziyya, nan Makka, ina jera carbi da kwalaben turare. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, zan turo maka ɗanka. Ya bar jami'a, ya ce ƙasar nan ba wurin zaman Musulmi ba ce. Wata huɗu ke nan bai yi mini magana ba. Gida ɗaya muke, amma ko cokali yake so sai ya aiko ƙanwarsa."

Na tambaye ta laifin da ta yi masa. Ashe aikinta ne laifin. A gidan tsofaffi take aiki, tana yi wa tsofaffin Turawa wanka, tana ba su abinci a baki, tana juya waɗanda ba sa iya juyawa. Shi kuma wasu malamai da ya samo a waya sun gaya masa cewa wannan ƙasƙantar da kai ne ga kafirai. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne sun fara yi masa zancen wasu wurare da samari ke tafiya ba sa dawowa. "Na saya masa tikitin Umra, zuwa da dawowa. Ya ce na dawowar yaga shi zai yi. Yaya, ka dawo mini da yarona."

Na ce ta turo shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma gaskiya ban san ta inda zan fara ba, don ni ba malami ba ne, mai sayar da turare ne.

Ya iso da 'yar jakarsa, dogo, siriri, ɗan shekara ashirin, wandonsa ya tsaya a rabin ƙwauri. Gemun da ake ta rikici a kansa kuwa, da na zauna da zan iya ƙirga gashin. Hausar uwarsa na bakinsa tsaf, sai kuma wani Larabcin littafi da yake yi wa direbobin tasi, su juyo suna kallonsa kamar liman ya sauko daga mumbari yana neman canji. Kafin kwana biyu ya gyara mini tsayuwar salla, ya gyara wa maiɗakina ɗaurin mayafi, ya kuma sanar da ni cewa rabin abin da nake sayarwa bidi'a ne. Ni da aka haifa ina jin kiran sallar Harami daga tsakar gidanmu! Na cije kawai, na ce masa Allah ya ƙara sani.

Wata rana da hantsi muna shago babu ciniki, ya buɗe mini babban shirinsu. "Kawu, Turawan nan fa ba sa haihuwa. Garuruwansu duk tsofaffi ne. Mu kuwa kullum ƙaruwa muke. Su ma sun sani, kullum a talabijin tsoron da suke yi ke nan. Nan gaba kaɗan ƙasar tamu ce."

Na ce, "Madalla. To in ta zama taku me za ku yi da ita? Ka iya tuƙa jirgin ƙasa? Ka iya haɗa magani? Kai da ka bar karatu ka gudo, wa ka bar wa gadon?"

Ya ce ban gane ba. Wataƙila kuwa ban gane ba. Abin da na gani shi ne, shi da masu tsoron nan na talabijin sana'arsu ɗaya, ƙirga kawunan mutane, ɗaya yana murna ɗaya yana makoki, kuma babu wanda ya tambayi masu kawunan ko sun ci abinci. Sai dai laifi tudu ne. Ni ma da yamma nakan zauna a ƙofar gida a Kudai ina mitar baƙi sun cika mana unguwa, Bangali ta nan, Burmawa ta can, haya ta yi tsada. Ni, wanda ubana ya tako da ƙafa ta Chadi da Sudan, yana noman ƙodago a hanya, ya iso garin nan babu takarda babu takalmi.

Shi wannan uban nawa, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gado guda wanda ba a rabawa, wato sufra. Kowane azumi, a harabar wani masallaci kusa da tashar motocin Kudai, muna shimfiɗa doguwar leda a ƙasa bayan la'asar. Mu jera dabino, da kofunan zamzam, da nonon da muke kira laban, da burodin shuraik, da dugga, wannan garin yaji da ake dangwala burodi a ciki, sai butocin gahawa. Masu Umra da magariba ta riska a hanya su ne baƙinmu. Ba mu kaɗai ba ne, gidaje da yawa na yi, kowa da wurinsa da ya saba.

A al'adarmu ba a jira baƙo ya zo, kamo shi ake yi. Kowace sufra tana da mutumin da ke tsayawa a bakin hanya, da ya ga an sauko daga mota sai ya tare, ya kama hannu, "Tafaddal ya hajj, wallahi sai ka sha ruwa a wurinmu!" Har rungumar mutum ake yi a ja shi. Babban abin kunya shi ne a kira salla da gurbi a sufrarka. Kusa da mu akwai wani dattijo Bayamane da muka gaji gasa da shi tun zamanin iyayenmu. Gajere ne, amma in ya riƙe hannunka ko ɗan dambe ne kai sai ka zauna.

A wannan shekarar gwiwata ta matsa mini, sai na ɗora ɗan ƙanwata a bakin hanya. Na ce ga tsawo, ga ƙuruciya, ga harsunan Turawa, bana Bayamanen nan zai gane kurensa.

Ranar farko aka kira salla rabin ledarmu babu kowa. Rana ta biyu ma haka. Bayamanen ya leƙo yana murmushi ya ce, "Ya akhi, ko in ara maka baƙi goma? Nawa sun yi mini yawa." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Rana ta uku na ɗingisa na laɓe bayan wata mota don in ga abin da ke faruwa.

Ashe tantancewa yake yi. Mota za ta tsaya, mutane su zubo, shi kuma ya tsaya yana duban haɓa da ƙafa. Mai gemu da ɗangalallen wando, tafaddal. Wanda ya aske, ko ya rataya laya, ko wandonsa na jan ƙasa, sai ya kau da kai kamar yana neman wani. Bayamanen kuwa yana bayansa yana kwashe su biyar biyar, har da yi masa godiya.

Ban san lokacin da na fito ba. Na manta da gwiwa, na manta da azumi. Na ce, "Kai! Ubanka ne ya ba ka aikin jawazat, 'yan shige da fice? Fasfo na ce ka duba ko hannu na ce ka kama? Kakanka da ya fara shimfiɗa ledar nan da laya uku a damtsensa ya iso Makka, kuma da hannu sake yake salla har ya mutu. Da kai ne a bakin hanya ranar da ya sauka, da yunwa ta kashe shi ba a haifi uwarka ba!"

Ya ce, cikin ladabi kuwa, "Kawu, ladan ciyar da mai bin sunna ya fi."

Na ce, "Ko bunsuru yana da gemu. Gobe in na ga gurbi ɗaya, kai za ka cinye dabinon duka a gabana."

Bayamanen ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa da na koma gida raina ya ɓaci da kaina, don na san faɗa ba ya cire irin wannan abu daga zuciya. Yaron ya fara kamo kowa, amma fuska a murtuke, yana jan bayin Allah kamar mai kai su caji ofis. Tikitin nan kuma yana cikin jakarsa, kullum sai na saci dubawa in ga ko yana nan.

Ranar sha bakwai ga wata aka yi wani zafi mai tsanani. Saura kamar rabin awa a sha ruwa wata mota ta sauke mutane, cikinsu akwai wani tsoho fari, mai gashin baki, haɓa a aske ƙwal, sanye da harami. Ya rabu da ayarinsa. Ya yi taku kaɗan sai ƙafafunsa suka ƙi, ya sulale a gefen ledarmu. Muka taru a kansa, wannan na Larabci, wancan na Urdu, tsoho yana ta magana babu mai ganewa. Can sai na ga ɗan ƙanwata ya ture mutane ya durƙusa. Jamusanci tsohon yake yi. Baturke ne, amma a Jamus ya yi ƙuruciyarsa a masana'anta, can ya tsufa.

Sai muka lura haraminsa ya ɓaci, ciki ya kufce masa. Mutane suka fara ja da baya. Tsohon ya rufe fuskarsa da hannu yana kuka, irin kukan da ba na ciwo ba. Na aika a nemo shugaban ayarinsu da 'yan agaji, amma a cunkoson wannan lokaci kafin su iso da sauran aiki. Yaron ya sa hannu a hammatarsa zai ɗaga shi, tsohon ya yi ƙara, yaron ya sake shi. Ya sake gwadawa, ya kasa. Ya ɗago ya dube ni, duk malantar ta zube daga fuskarsa.

"Kawu, yaya ake yi?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba. Ni turare na sani." Sannan na ce, "Amma na san wanda ya sani."

Ya miƙo hannu na ba shi wayata, ya kira uwarsa, na buɗe muryar don hannayensa su samu sakewa. Su can da sauran rana, tana wurin aiki. Ta ɗauka tana cewa, "Yaya, lafiya?" sai ta ji, "Umma, ni ne. Wani tsoho ne ya faɗi."

Na zaci za ta yi kuka ko ta yi gori. Ko ɗaya. Wata murya ta fito da ban taɓa sanin ƙanwata da ita ba, a natse, kamar mai ba da umarni a filin jirgi. Yana numfashi daidai? Ya san inda yake? Tambaye shi ko yana da ciwon suga. To ba shi dabino da ruwa yanzu, kada ka jira kiran salla, marar lafiya ne. Kada ka ja shi ta hammata, ka sa hannunsa a wuyanka, ka riƙe ƙugunsa, ku tashi tare. "Kafin komai ka rufe shi, kada idon kowa ya sauka a kansa. Kuma duk abin da za ka yi ka gaya masa tukuna. Mutum ne, ba kaya ba."

Ya cire ƙyallen kansa ya lulluɓe tsohon. Bayamanen ya kawo sabon harami daga motarsa, ni na riƙe waya ina ɗingishi a bayansu har banɗakin masallaci. Daga ƙofa ina jin ruwa na zuba, ina jin yaron yana magana a hankali cikin Jamusanci, uwarsa tana faɗa masa mataki bayan mataki daga wata duniya. Ana cikin haka aka kira salla. Ban ma waiwayi sufra ba, daga baya aka ce mini ta cika har ta yi ambaliya.

Suka fito tsohon tsaf da shi, yana riƙe da wuyan yaron ya ƙi saki. Yana ta magana, na ce me yake cewa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Wai a gidan tsofaffi yake zaune. Wai matar da ke kula da shi Kirista ce, ita ta haɗa masa jaka, ta rubuta masa lokutan magani, ta ce ya yi mata addu'a a Ka'aba."

Shugaban ayarin ya iso da 'yan agaji suka tafi da shi. Muka zauna a kan dakalin masallaci, wayar tana hannuna, ashe ba ta kashe ba. Sai muka ji ta ce, da muryarta ta gida wannan karon, "Kai fa, ka sha ruwa?"

Nan ya fashe da kuka, ƙato da shi. Ni ma idona ya cika, na fake da neman dabino a aljihu na tura masa a baki. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a wannan harabar, har da shekarar da muka kayar da Bayamanen kwana talatin cur.

Da ya samu ya haɗiye ya ce, "Umma, ranar da zan dawo za ki zo filin jirgi?"

Ta ce, "Wace rana ce?" Ya faɗa mata, bai ko duba takarda ba.

"Ina aiki ranar. Tsofaffina ba su san hutu ba. In ka sauka ka hau jirgin ƙasa ka same ni a can, akwai wani tsoho mai nauyi da nake so a kama mini mu ɗaga."

Ya goge hancinsa da bayan hannu ya ce, "To, Umma."